Idan Silon Mota Ya Rikice, A Auna Kafin A Sayi Kaya

Mu mazauna kudancin kogin Kaduna ba baƙin mota ba ne. Tun shekarar 1975 da kamfanin Peugeot ya soma harhaɗa motoci a Kakuri, unguwanninmu suka cika da kanikawa da masu aikin waya, daga Makera zuwa Barnawa, Television da Sabon Tasha. Da yawa cikin iyayenmu da yayyenmu a kan 404 da 504 suka koyi sana'a. A wancan zamani idan mota tana mutuwa a tsaye, bakanike yakan wanke kafireta, ya goge kontak, ya murɗa ɗan sukurin silo yana kasa kunne, cikin rabin awa magana ta ƙare.

To, 'yan'uwa masu karatu, Hausawa sun ce idan kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Yawancin motocin da muke hawa yanzu na hannu ne da aka shigo da su daga Amurka da Turai, irin su Corolla, Camry, Golf da Sienna, kuma ba su da kafireta. Nozul ke fesa musu mai, ƙwaƙwalwar mota ce kuma ke yanke yawan man da lokacin da wuta za ta tashi a filogi. Ita kuwa ƙwaƙwalwar ba ta gani da kanta, sai abin da ƙananan na'urorin da kanikawa ke kira sensa suka gaya mata. Idan ɗaya ta kawo labarin ƙarya, sai injin duka ya rikice.

Me ake nufi da silo?

Silo shi ne gudun inji sa'ad da mota take tsaye, ƙafa ba ta kan totur. A ƙananan motocin fetur, idan inji ya ɗauki zafi allurar takan zauna wajen juyi 650 zuwa 850 a minti ɗaya. Da sassafe takan haura 1,000, sa'an nan ta sauko a hankali, wannan ba ciwo ba ne. Ciwon shi ne allura ta dinga hawa da sauka, ko mota ta dinga kakkarwa, ko ta mutu da zarar an taka birki ko an kunna iyakwandishan.

Kada mu ɗauki wannan ƙaramin abu. Idan inji ya mutu mota tana cikin tafiya, sitiyari yakan yi nauyi, birki kuma bayan taku ɗaya ko biyu sai ya sandare. Wanda ya san cunkoson kasuwar Sabon Tasha da yamma, ko yadda tankoki ke bin hanyar Kachia, ya san abin da zai iya biyo baya. Ga kuma batun aljihu. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, motar da ke shan mai fiye da kima tana cin abincin yara ne kai tsaye.

A fara da mai araha

Kuskuren da ya fi yawa a garejojinmu shi ne canke. A sauya filogi, ba ta daina ba. A sauya famfon mai, ba ta daina ba. Daga nan a ce ƙwaƙwalwa ce ta ƙone. Kafin a gano ainihin ciwon mai mota ya kashe kuɗin makarantar zango guda, zumuncinsa da bakanike kuma ya yi tsami. Hanyar da ta dace ita ce a bi abin daki-daki.

Da farko a duba batir da kawunansa. Lafiyayyen batir yana nuna kusan bolt 12.6 idan inji na kashe, da 13.5 zuwa 14.5 idan yana aiki. Ƙarancin wuta shi kaɗai yana iya sa sensoci masu lafiya su yi kamar sun lalace.

Na biyu a duba iska. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, zafin bazara kuma yana tsattsage robobin da ke kai iska cikin inji. Idan roba ta tsage, iskar da ba a auna ba takan shiga, silo ya hau ko ya dinga rawa, sau da yawa har ana jin ƙarar tsotso. Sensar auna iska kuwa wayarta siririya ce ƙwarai, kada a wanke ta da fetur ko a taɓa ta da hannu, akwai feshin da aka yi dominta.

Na uku a buɗe maƙogwaron totur. Baƙin dauɗa yakan taru a bakin ƙofarsa, ya hana ɗan iskan da silo ke bukata wucewa. A motocin da toturinsu ke da igiyar ƙarfe akwai bawul na silo a gefe, shi ma yana toshewa. Waɗanda toturinsu na lantarki ne, bayan wanki sai an sake koya wa ƙwaƙwalwa matsayin ƙofar, in ba haka ba silo zai tsaya a sama a ɗauka an ɓata wani abu.

Sensar totur da ta wuta

Sensar totur tana gaya wa ƙwaƙwalwa iyakar buɗewar ƙofar. Irin ta dā wayoyi uku gare ta: ɗaya na kawo bolt 5, ɗaya na ƙasa, ɗaya na mayar da labari. Idan aka sa mita, ya kamata a ga kusan rabin bolt ƙofa na rufe, ya hau sumul har wajen 4.5 idan an buɗe ta duka. Idan ya yi tsalle ko ya yanke a tsakiya, ta cinye. Alamarta kuwa mota ta dinga fizga, ko ta yi jinkiri idan an taka totur.

Sensar karanshaf ita ke gaya wa ƙwaƙwalwa lokacin ba da wuta. Halinta sananne ne: mota ta mutu bayan ta yi zafi, ta ƙi tashi, in ta huce ta tashi kamar ba abin da ya faru. Idan kuwa inji na kakkarwa fitilar gargaɗi tana ƙyaftawa, to wata silinda ce ba ta cin wuta. A nan bakanike mai dabara yakan musanya kwayil ɗin da ake zargi da na maƙwabciyarta. In ciwon ya bi kwayil, an kama ɓarawo ba tare da an sayi kome ba.

Na'urar bincike ba boka ba ce

Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996, da na fetur a Turai daga 2001, suna da soket mai ramuka 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar bincike. Lamba P0505 tana nuni ga silo, P0120 zuwa P0123 ga sensar totur, P0335 ga ta karanshaf, P0300 ga rashin cin wuta. Amma lambar unguwa kawai take nunawa, ba ta nuna gida. Wayar da ɓera ya ci, ko soket ɗin da ruwan wankin inji ya shiga, za su ba da lamba ɗaya da ta matacciyar sensa. Saboda haka bayan na'ura sai mita.

Akwai kuma wata al'ada da ta zama ruwan dare a wurinmu, wato cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu da zafi. Injin da aka yi wa haka yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ƙwaƙwalwa ta ci gaba da ƙara mai kamar da asuba, filogi ya yi baƙi, silo ya lalace.

Shawararmu ga masu mota ita ce ku lura da lokacin da abin ke faruwa, da sanyi ne ko da zafi, ku faɗa wa bakanike dalla-dalla. Ku nemi a rubuta muku lambar kafin a goge ta, ku kuma karɓi tsohon kayan da aka cire. Ku biya kuɗin bincike da zuciya ɗaya, gama ya fi sayen kaya uku a banza sauƙi. Ku kuma kanikawanmu, musamman masu yara a hannu, ku koya musu riƙe mita kamar yadda aka koya muku riƙe sifana. Yaron da ya iya aunawa kafin ya kwance ba zai rasa abinci a Kaduna ba.