Garuruwa Uku Masu Suna Gaya

Garuruwa uku sanannu ne ke amsa sunan Gaya, kuma ya kamata mai karatu ya riƙa bambance su. Gaya ta jihar Kano tsohon gari ne, wanda tarihin baka ya ce daga can Abagayawa, wato maƙeran da suka fara zama a gindin Dala, suka fito, kuma da sunanta ake kiran Kabiru Gaya, gwamnan Kano daga 1992 zuwa 1993, bisa al'adar jingina mutum ga garinsu. Ta Nijar kuwa tana jihar Dosso a bakin kogin Kwara, inda gada ta haɗa ta da ƙasar Benin, hanyar da manyan motoci ke bi da kaya daga Kwatano. Ta uku tana jihar Bihar ta Indiya, kusa da wurin ziyarar mabiya addinin Buddha.