Madarumfa: abin da ake dubawa kafin a sayi babur na hannu

Matasa da dama a Madarumfa na sayen babur na hannu domin kabu-kabu, wasu daga Maraɗi, wasu daga Jibiya ta hanyar Ɗan Isa. Wanki da sabon fenti ba sa nuna lafiyar inji. Shi ya sa ya kamata mai saye ya zo da bakaniken da shi zai biya, ba na dillali ba.

Dubawa ta fi kyau da sassafe, kafin a ɗumama injin, domin gajiyayyen inji da sanyi yake tona kansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce yana shan baƙin mai. Wasu kan zuba mai kauri don rufe ƙarar, sai bakanike ya zaro ma'auni ya taɓa. Daga nan a duba birki, sarƙa, da wurin da aka taɓa yin walda bayan haɗari.

Takardu ne suka fi jawo asara. Dole lambar da ke jikin ƙarfen babur ta dace da ta kart-giriz da takardar duwan. In an kankare ta ko an sake bugawa, jandarmomi na iya riƙe babur ɗin a shingen farko, mai sayarwa kuwa ya riga ya tsallaka iyaka.