Hawa Da Gangara: Lissafin Da Ya Haɗa Direba Da Kogin Kwara Da Mudun Hatsi

Duk direban babbar mota da ya saba bin hanyar Jos zuwa Akwanga ya san Hawan Kibo, ba ya kuwa bukatar malamin makaranta ya gaya masa cewa wurin ba na wasa ba ne. Motocin da suka ƙwace wa direbobinsu a can, Allah kaɗai ya san adadinsu. Da za a tambayi mutane abin da ya sa wurin ya zama abin tsoro, da yawa za su ce ai tsawon dutsen ne. Alhali kuwa ba tsawo ke kisa ba. Da a ce saukar nan an shimfiɗa ta a kan tafiyar mil ɗari, da fasinja zai yi barcinsa bai ma san an sauka ba. Abin da ke jawo haɗari shi ne yawan saukar da aka yi cikin gajeriyar tafiya.

Wannan shi ne abin da littattafan lissafi na Turanci ke kira giradiyan, mu kuwa sai mu ce ma'aunin gangara. Lissafinsa ba wuya. A auna yawan hawa ko saukar da aka yi, sa'an nan a raba shi da nisan da aka ci a kwance. Idan hanya ta sauka mita 1 a cikin kowace mita 10, sai a ce gangararta 1 cikin 10 ce, watau kashi 10 cikin 100, irin lambar da ake gani a allon gefen titi mai kusurwa uku. Maginin da ke karkata rufin soro domin ruwa ya nufi indararo, da manomin fadama da ke yanka lambatu, duk wannan lissafin suke yi, sai dai da ido suke yinsa. Akwai wani kuskure da har masu ilmi kan yi, su zaci kashi 100 cikin 100 yana nufin bango a tsaye cak. Ba haka ba ne. Yana nufin a hau mita 1 a kowace mita 1 ta tafiya, watau rabin hanya tsakanin kwance da tsaye. Titin Baldwin na birnin Dunedin a ƙasar New Zealand, wanda ya yi suna a duniya saboda tsananin gangara, kimanin kashi 35 ne kawai.

To, me kashi 10 ke nufi ga direba? Yana nufin kusan ɗaya bisa goma na nauyin motarsa ya koma yana tura ta ƙasa. Motar da ita da kayanta suka kai tan 30, kamar an ɗaura mata tan 3 ne yana janta gangare ba hutawa. Idan direba ya bar wa birki kaɗai wannan aiki, birkin zai ɗau zafi har ya daina kamawa. Shi ya sa tsofaffin direbobi ke sauka da babbar giya, injin ya taimaka wajen riƙe mota. Masu sakin mota a firi don tsimin mai kuwa, da ransu da na jama'a suke caca.

Amma duk cikin abubuwan hawa babu mai tsoron tudu kamar jirgin ƙasa. Ƙarfe ne ke gudu a kan ƙarfe, babu tirjiya sosai, shi ya sa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ƙarfin da bai wuce na ɗaga kilo 2 ba ya isa ya ja kowane tan guda na kaya. Da zarar dogo ya fara hawan mita 1 cikin 100, hawan da mai tafiya a ƙasa da ƙyar zai ji shi a gwiwa, sai a ƙara kilo 10 a kan kowane tan. Ke nan aikin ya ninka kusan sau shida. Injin da ke jan tarago 60 a fili, da ƙyar zai haura da 10. Santsin da ya sa jirgi ya fi mota arha a fili, shi ne kuma ke sa ƙafafunsa su yi ta juyawa a banza idan tudu ya yi tsanani.

Tarihin kuzar Jos ya nuna haka sarai. A farkon ƙarni na 20, 'yan dako ne ke ɗaukar kuza a ka, su gangara da ita har Loko a bakin Kogin Binuwai. Daga baya Turawa suka shimfiɗa wani ɗan siririn dogo daga Zariya, mai faɗin ƙafa 2 da inci 6, wanda ya isa Bukuru a 1914 bayan tafiyar mil 143. Sun raɗa masa sunan Bauci, ko da yake bai taɓa shiga garin Bauci ba. Jos ta ɗara Zariya tsawo da mita 500 da ɗoriya. Idan aka raba wannan da dukan nisan hanyar, ko 1 cikin 400 bai kai ba, abin da jirgi zai haura yana busa. Sai dai ƙasa ba ta raba hawanta daidai wa daida. Sai a yi tafiya mai nisa a fili, sa'an nan a tarar da mafi yawan hawan a cure a gindin tsaunuka. Dabarar injiniya a irin wannan wuri guda ce: tun da ba shi da ikon rage tsawon dutse, sai ya ƙara wa hanya nisa, ya yi ta kewaye da lanƙwasa har hawan ya bazu. Siririn dogo ya fi iya lanƙwasa, ya kuma fi arha. A 1927 babban dogo ya iso Jos ta Kafancan, kuza ta samu hanyar Fatakwal, ɗan ƙaramin kuwa aka rufe shi a 1957. A ƙasar Suwizalan, inda kewaye ba ya yiwuwa, sai suka yi wa dogon dutsen Pilatus haƙora a 1889, jirgin yana maƙalewa yana hawan kashi 48 cikin 100.

Jirgi gudun gangara yake yi, ruwa kuwa nemanta yake yi, ba ya motsi sai da ita. Kogin Kwara ya taso ne daga tsaunukan Gini, kimanin kilomita 240 kacal daga teku. Amma da yake ƙasa ta karkata ta wancan gefe, sai ya juya wa teku baya, ya nufi bakin hamada, ya yi tafiyar kimanin kilomita 4,180 kafin ya faɗa teku a Nijeriya. Tushensa bai wuce mita 800 da wani abu bisa teku ba. Watau a tsakaice, taƙi ɗaya yake sauka a kowace kilomita. A tsakiyar ƙasar Mali, wajen Mopti, ko wannan ɗan taƙin ba ya samu, santimita ƙalilan ce. Nan sai ruwa ya rasa inda zai nufa, ya malale cikin fadamu da tafkuna, rana ta shanye kaso mai yawa.

Abin mamakin yana nan. Ruwan saman da ya zuba a Gini cikin watannin Yuli zuwa Satumba, ba ya cika kogi a Yamai sai wajen Disamba zuwa Janairu, lokacin da hunturu ya kankama, ba ɗigon ruwa a sama. Daga nan ya gangaro Yawuri da tafkin Kainji. Ana kiransa baƙin ruwa, domin ya zubar da lakarsa a fadamun Mali ya taho garau, ba kamar farin ruwan damina ba mai ɗauke da laka. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Hausawa. Masunci da mai noman rani da ma'aikacin wutar lantarki a Kainji duk suna cin gajiyar wannan jinkiri. A inda gangara ta ƙaru kuwa, kogin nan mai haƙuri kan zama wani abu dabam. Duwatsun Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, irin wannan wuri ne, kafin tafkin Kainji ya binne su bayan kammala madatsar a 1968.

Masana sun lura cewa ba dole abin da ake aunawa ya zama tsawon ƙasa ba. Duk abin da ke sauyawa daga wuri zuwa wuri yana da gangararsa. Iska tana rage zafi da kimanin digiri 6 da rabi a kowace mita 1,000 da aka hau, shi ya sa dankalin Turawa ke yi a Jos, shayi kuma ke yi a tsaunin Mambila. Cikin ƙasa kuwa zafi ƙaruwa yake yi, digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita. A mahaƙar zinariya ta Mponeng a Afirka ta Kudu, mai zurfin kusan kilomita 4, sai an tura ƙanƙara ƙasa kafin mutum ya iya aiki. Ruwan sama ma haka: Fatakwal tana samun fiye da milimita 2,000 a shekara, Kano ba ta cika kai 1,000 ba, Agadas ko 200 ba ta samu. Ita kanta iskar hunturu gangarowa take yi, daga hamada inda nauyin iska ya yi yawa zuwa kudu inda ya yi ƙaranci, gudunta kuma yana ƙaruwa gwargwadon tsananin bambancin.

Mutumin da ke tsaye a gefen dutse yana da fuskoki da yawa da zai iya bi, amma guda ce ta fi gangara, ita ce kuma ruwa ke zaɓa. A 1847 wani Bafaranshe masanin lissafi, Cauchy, ya mai da wannan dabarar warware matsala: kamar wanda hazo ya rufe a kan tudu, ya laluba da ƙafa inda ya fi gangara, ya yi taku ɗaya, ya sake lalubawa. Da wannan dabara ake horar da kwamfutocin yau masu fassara da gane hoto, kuskurensu shi ne tudun da suke gangarowa daga kai.

Saura guda, ita ce ta fi shafar aljihun mai karatu. Maimakon nisa, a sa lokaci. Gudun mota ba kome ba ne illa yawan nisan da aka ci a kowace sa'a. Newton a Ingila da Leibniz a Jamus, wanda ya buga nasa aikin a 1684, su ne suka tsara yadda za a auna gangarar layi mai lanƙwasa a daidai wuri guda, ba a tsakaice ba. Hauhawar farashi ma gangara ce, ko mu ce hawa. Sau da yawa hukuma kan ba da sanarwar cewa hauhawar farashi ta ragu, maigida ya je kasuwa ya tarar kaya sun ƙara tsada, ya dawo yana cewa ƙarya ake yi. Mai yiwuwa ne duk su biyun gaskiya suka faɗa. A ɗauka, alal misali, mudun gero naira 1,000 ne, bayan shekara ya koma 1,300. Hauhawa kashi 30 ke nan. Shekara ta gaba ya koma 1,560, watau kashi 20. Hukuma maganar hawan take yi, ya kuwa sassauta. Maigida maganar inda aka kai yake yi, an kuwa ƙara yin sama. Laifin da muke gani na masu sanarwar ne, da ba su cika fayyace wa jama'a wanne suke nufi ba. Ko da lambar ta sauko har sifiri, mudun yana nan a 1,560, tsayawa kawai ya yi. Ba zai koma 1,000 ba sai lambar ta faɗa ƙasa da sifiri, ta kuma jima a can.