Gilashin kyamara na komai-da-ruwanka

Gilashin kyamara na komai-da-ruwanka, wanda a Turanci ake ce wa superzoom, nau'in gilashi ne da ake ɗaura wa kyamara, wanda shi kaɗai yake iya ɗaukar wuri mai faɗi kamar kasuwa ko filin wasa, sannan a murza shi ya zuƙo abin da ke nesa kamar tsuntsu a kan reshe. An ƙera shi ne domin ya tsaya a madadin gilasai biyu ko uku, shi ya sa matafiya da masu yawon buɗe ido suka fi kowa sayensa. Babu wata ƙa'ida da ta yanke inda gilashin zuƙowa na yau da kullum ya ƙare da inda wannan ya fara, amma galibi ana sa gilashi a wannan rukuni idan zuƙowarsa ta kai ninki 7 zuwa 10 ko ta wuce haka. Muhawarar da ta daɗe a kansa ita ce ta kaifin hoto, wato yadda ƙananan abubuwa kamar gashin ido ko rubutun allo suke fitowa tar a cikin hoton. Ba ya kai gilashi mai tsawon hange ɗaya kaifi. Abin tambaya shi ne girman asarar, da wurin da take faruwa, da kuma lokacin da take damun mai hoto.

Ma'anar lambobin da ke jikinsa

Kowane gilashin kyamara yana da tsawon hange, wanda ake aunawa da milimita. Ƙaramar lamba, kamar 18 ko 24, tana nufin gilashin yana kwaso wuri mai faɗi. Babbar lamba, kamar 200 ko 300, tana nufin yana tsuke gani ya jawo abu na nesa. Idan aka rubuta 18–200mm a jikin gilashi, to yana tafiya daga wannan zuwa wancan, kuma idan aka raba 200 da 18 za a samu ninkin zuƙowarsa, wato kusan 11. Kalmar zuƙowa kuwa daga aikatau "zuƙa" take, kamar yadda ake zuƙar iska ko ruwa, kuma wasalin "o" na ƙarshen "zuƙo" yana nuna jawo abu zuwa wajen mai magana. Kamarta da kalmar Turanci dacewa ce kawai.

Girman sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, yana canza abin da lambobin suke bayarwa. Cikakkiyar sensa tana da girman fim na da, milimita 36 a kwance da 24 a tsaye. Ta APS-C ta fi ƙanƙanta, don haka ana ninka lambar da 1.5 a kyamarorin Nikon, Sony da Fujifilm, ko da 1.6 a na Canon. A tsarin Micro Four Thirds kuma ana ninkawa da 2. Saboda haka gilashin 18–200mm a kan kyamarar Nikon mai ƙaramar sensa yana ganin abin da 27–300mm zai gani a kan cikakkiya.

Lambobi na biyu, masu harafin f, suna nuna iyakar buɗewar ƙofar haske. A nan lissafin a juye yake: ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Gilashin da aka rubuta wa f/3.5–6.3 yana buɗewa har f/3.5 a ɓangaren faɗi, amma idan aka zuƙo zuwa ƙarshe ba ya wuce f/6.3.

Tarihi

Gilashin zuƙowa ya fara aiki a harkar fim da talabijin kafin ya shigo hoto marar motsi. Na farko da aka sayar domin kyamarar fim mai milimita 35 shi ne Zoomar 36–82mm f/2.8, wanda Frank Back ya tsara, ya fito a 1959 da sunan kamfanin Voigtländer na Jamus. Zuƙowarsa ba ta kai ninki 3 ba. A 1985 kamfanin Kino Precision na Japan ya fitar da Kiron 28–210mm, wanda ake lissafawa a farkon gilasai masu faɗin zuƙowa irin wannan. Wanda ya kai nau'in hannun jama'a shi ne Tamron 28–200mm f/3.8–5.6 na 1992, saboda ƙanƙantarsa da rashin nauyinsa.

Da kyamarorin dijital suka yaɗu, Nikon ya sanar da 18–200mm mai na'urar rage rawar hannu a 2005, ya kuma samu kasuwa sosai. Daga nan kamfanoni suka shiga tseren lamba. Tamron ya fitar da 18–270mm a 2008, da 16–300mm a 2014, sannan 18–400mm a 2017, mai zuƙowa ninki 22. Canon ya gwada wata hanya daban a 2004 da 28–300mm na rukunin L, rukunin gilasansa na ƙwararru, amma nauyinsa ya kai giram 1,670, abin da ya rage masa amfani wajen matafiyi mai neman sauƙi.

Dalilin raguwar kaifi

Abin da ake kira gilashin kyamara ba falle ɗaya ba ne. Jerin fallayen gilashi ne a cikin bututu, kowane falle yana lanƙwasa haske yana kuma gyara kuskuren wani. Gilashin Canon 50mm f/1.8, mai tsawon hange ɗaya, fallaye 6 ne a cikinsa, kuma aiki ɗaya aka tsara su su yi. Nikon 18–200mm yana da fallaye 16, Canon RF 24–240mm kuma 21. Idan aka murza zoben zuƙowa, rukunonin fallayen suna matsawa gaba da baya, kowane rukuni da tazararsa. Gyaran da ya dace da milimita 18 ba shi ne ya dace da 200 ba, don haka mai tsarawa ba shi da zaɓi sai ya raba kuskuren a tsakanin wurare, yadda babu inda ya yi muni ƙwarai, babu kuma inda ya fita gaba ɗaya.

Asarar ba ta bazu daidai ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi muhimmanci a sani game da waɗannan gilasai. A yawancinsu tsakiyar hoto tana fitowa da kaifi mai kyau daga ɓangaren faɗi har zuwa tsakiyar zuƙowa, wani lokaci ma da wuya a bambance ta da ta gilashi mai tsada. Rauni yana bayyana a wuri biyu. Na farko kusurwoyin hoto, musamman idan ƙofar haske a buɗe take gaba ɗaya. Na biyu ƙarshen zuƙowa, inda hoton kan yi laushi, bambancin baƙi da fari ya ragu, abu ya fito kamar an shafa masa ɗan hazo. Abin takaicin shi ne wannan ƙarshen ne mutane da yawa suka sayi gilashin dominsa. Mai hoton fuskar mutum a tsakiyar firam zai iya shekara bai lura da komai ba. Mai hoton gini ko tsauni, wanda yake son ganyen da ke can kusurwa ya fito kamar na tsakiya, shi zai gani tun ranar farko.

Kamfanoni suna nuna kaifi da jadawalin MTF, wanda ke auna yadda gilashi yake raba layukan baƙi da fari masu siranta, galibi layi 10 da layi 30 a kowace milimita, daga tsakiya zuwa gefe. Jadawalin yana da amfani amma yana da iyaka. Akan buga shi ne don farkon zuƙowa da ƙarshenta kawai, ba a nuna tsakiya. Yawancinsu kuma lissafin kwamfuta ne na gilashin da aka haɗa babu kuskure. A masana'anta kuwa falle ɗaya zai iya gocewa kaɗan, sai gefe ɗaya na hoto ya fi ɗayan laushi, kuma yawan sassa masu motsi yana ƙara yiwuwar haka. Shi ya sa mutum biyu za su sayi samfuri ɗaya, wannan ya yaba wancan ya kushe, kuma kowa gaskiyarsa yake faɗa.

Sauran naƙasu

A ɓangaren faɗi miƙaƙƙun layuka sukan kumbura waje kamar cikin ganga, idan aka zuƙo kuma sai su lotsa ciki. Akwai rabewar launi, inda ake ganin siririn layi kore ko shunayya a bakin abu mai duhu da ke gaban sararin sama mai haske. Akwai kuma duhun kusurwa. Bayan waɗannan, tsawon hangen da aka rubuta a jiki ana auna shi ne idan an saita gilashin a kan abu mai nisa sosai. Idan abin yana kusa, da yawa daga cikinsu ba sa kai lambar da aka rubuta, sai mai hoto ya ga 200 ɗinsa ba ta cika firam kamar 200 ta wani gilashin ba. Wasu kuma bututunsu yakan zame ya miƙe da kansa idan aka rataya kyamara tana kallon ƙasa. Sabon samfurin Nikon 18–200mm na 2009 ya zo da makullin hana wannan zamewa.

Ƙarancin haske

Sau da yawa hoton da aka ɗora wa laifin rashin kaifin gilashi, ainihin matsalarsa ƙarancin haske ce. Ƙofar f/6.3 tana shigar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na hasken da f/2.8 take shigarwa. Inda gilashin f/2.8 zai ɗauki hoto a 1/500 na daƙiƙa, na f/6.3 sai ya sauka zuwa 1/100 kafin ya tara haske iri ɗaya. A milimita 200 wannan jinkirin ya isa rawar hannu ta ɓata hoto. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ita ce kada saurin ƙiftawar kyamara ya gaza ɗaya bisa tsawon hange, wato 1/200 a milimita 200. Na'urar rage rawar hannu tana taimakawa ƙwarai idan abin da ake ɗauka a tsaye yake, amma ba ta tsayar da yaro mai gudu ko doki mai sukuwa. Mafita ɗaya da ta rage ita ce ɗaga ISO, shi kuma yana kawo ɗigo-ɗigo kamar yashi a hoton, yana cinye ƙananan abubuwa. A yawancin waɗannan gilasai ƙofar tana tsukewa da wuri, tun kafin a kai rabin zuƙowa. Da rana tsaka duk wannan ba matsala ba ne. Da magariba, ko a cikin gidan tarihi da kasuwar dare, wuraren da matafiyi yake yawan samun kansa, nan ne gilashin yake gazawa.

Rage ƙofar zuwa f/8 yakan gyara kusurwoyi da ƙarshen zuƙowa. Sai dai idan aka wuce f/11 a kan ƙaramar sensa, haske yakan fara watsuwa a bakin ƙofar saboda ƙanƙantarta, hoton ya sake yin laushi. Tazarar da gilashin yake aiki mafi kyau a cikinta ke nan ba ta da faɗi. Ita ma iska tana da nata rabon: a doguwar zuƙowa, ƙura da hucin zafi da ke tashi daga ƙasa suna dusashe abu na nesa, ko da wane gilashi aka ɗauka.

Sabbin gilasai da gyaran manhaja

Kyamarori marasa madubi sun canza lissafin. Gilashi yana iya matsowa kusa da sensa, kuma kyamarar tana gyara lanƙwasar layi, duhun kusurwa da wani ɓangare na rabewar launi kafin mai hoto ya ga komai. Masu tsarawa sai suka bar wa manhaja waɗannan, suka mai da hankali kan kaifi, wanda manhaja ba ta iya ƙirƙirowa. Canon RF 24–240mm na 2019 misali ne: a milimita 24, ɗanyen hotonsa da ba a gyara ba yana da baƙaƙen kusurwoyi, sai manhaja ta miƙe hoton ta fitar da su. Wannan gyara ba kyauta ba ne, domin miƙe kusurwa yana rage mata kaifi.

Daga cikin waɗanda masu gwaji suka fi yabawa akwai Olympus 12–100mm f/4 na 2016, wanda ƙofarsa ba ta canzawa daga farko har ƙarshe, da Tamron 28–200mm f/2.8–5.6 na 2020 domin kyamarorin Sony, da Nikon Z 24–200mm na wannan shekarar. Dukansu ukun zuƙowarsu tana tsakanin ninki 7 da 8 da ɗoriya, ba su shiga tseren ninki 20 ba, kuma wannan ba dacewa ba ce: gwargwadon taƙaita zuƙowa, gwargwadon sauƙin riƙe kaifi. Nikon Z 28–400mm na 2024 ya nufi ɗaya ɓangaren, ya kai ninki 14, amma ƙofarsa a ƙarshe f/8 ce.

Amfaninsa a tafiya

Ko asarar kaifi za ta fito fili ya danganta da inda hoton zai ƙare. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba da hoto mai ɗigo 6,000 a kwance da 4,000 a tsaye. Allon Full HD ɗigo miliyan 2 da kaɗan yake nunawa, na 4K kuma kusan miliyan 8.3. Idan aka rage hoto zuwa wannan girma, ko aka tura shi ta WhatsApp ko Instagram da ke ƙara matse shi, yawancin laushin kusurwa ba a ganinsa. Yana bayyana ne idan za a buga hoton babba, ko a yanke wani yanki a faɗaɗa, ko a ɗaura gilashin a kan sensa mai megafiksel 45 zuwa sama.

A ɗaya hannun akwai nauyi. Nikon Z 24–200mm giram 570 ne, alhali gilasai biyu na ƙwararru da ke cike wannan tazara, 24–70mm da 70–200mm masu f/2.8, idan aka haɗa su sun fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Akwai kuma batun canza gilashi, wanda yake cin lokaci yana kuma buɗe cikin kyamara ga ƙura. A wuri kamar bakin Sahara lokacin hunturu, rashin buƙatar cire gilashi ba ƙaramin amfani ba ne, ko da yake bututun da ke miƙewa yana komawa shi ma yana zuƙar iska zuwa ciki. Matafiya da yawa sukan haɗa shi da ƙaramin gilashi mai tsawon hange ɗaya, kamar 35mm ko 50mm f/1.8, su yi yini da na komai-da-ruwanka, idan rana ta faɗi su ɗaura ƙaramin.