Yadda Ake Auna Ƙanƙarar Himalaya Daga Sararin Samaniya

Manomin auduga a lardin Punjab na Pakistan da ruwan kogin Indus yake ban-ruwa, shi kuwa Indus kaso mai tsoka na ruwansa daga tsaunukan Karakoram da Hindu Kush da Himalaya yake narkowa. Can ƙololuwa dusar ƙanƙara kan zuba shekara da shekaru, ta sama ta danne ta ƙasa, har ta dunƙule ta yi tauri, kaurinta a wasu wurare ya kai ɗaruruwan mitoci, tana gangarowa cikin kwari sannu a hankali. Irin waɗannan kogunan ƙanƙara sun haura 90,000 a tsaunukan Asiya. Abin da masana ke son sani shi ne: abin da ke zuba a sama yana maye gurbin abin da ke narkewa a ƙasa kuwa?

A da sai an hau da ƙafa. Mutum ya huda ƙanƙarar, ya kafa dogon sanda, ya dawo ƙarshen lokacin zafi ya auna iya abin da ya fito fili daga jikin sandan. Awo ne mai kyau, kuma har gobe ana yin sa, kamar a Chhota Shigri ta arewacin Indiya, inda ake bibiya tun 2002. Amma wuraren da ake yi wa haka 'yan ƙalilan ne, yawanci waɗanda ke da sauƙin hawa. Ƙarancin awo kuwa kan buɗe wa shaci-faɗi ƙofa. Rahoton 2007 na IPCC, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, ya ɗauko maganar cewa ƙanƙarar Himalaya na iya ƙarewa kafin 2035. Maganar ba ta da tushe, kuma a farkon 2010 kwamitin ya amsa kurensa.

Wani zai ce, to, ai hoton tauraron ɗan'adam ya isa, a dubi na da, a dubi na yanzu. Bai isa ba. Hoto faɗi yake nunawa, ba kauri ba. Kogin ƙanƙarar Khumbu, wanda masu hawan Everest ke bi ta kansa, ƙasansa lulluɓe yake da tsakuwa da ɓaraguzan duwatsu. Bakinsa bai ja baya sosai ba, amma yana ta lotsawa. Saboda haka tsawo ake aunawa.

A Fabrairun 2000 kumbon Endeavour na Amurka ya yi kwana 11 yana zagaya duniya da na'urar rada, ya fitar da taswirar tudu da kwari ta mafi yawan doron ƙasa. Akwai kuma na'urar ASTER ta Japan, wadda ke kan tauraron Terra tun Disambar 1999. Ido biyu gare ta, ɗaya na kallon ƙasa kai tsaye, ɗaya na waiwayen baya, kuma daga saɓanin hotunan biyu ake lissafa tsawon kowane wuri. A ɗora taswirar bana a kan ta shekarun baya, a fara daidaita su a kan tsirarun duwatsun da ba su motsi, sai a ga mita nawa ƙanƙarar ta sauka. Daga nan a ninka da faɗi, a kuma ninka da nauyi, wanda galibi ake ɗauka a kan kilo 850 ga kowace kubik mita. A nan hasashe ke shigowa, domin sabuwar dusa ba ta kai tsohuwar ƙanƙara nauyi ba, ita rada kuma kan ratsa busasshiyar dusa ta auno ƙasa da inda saman yake. Da wannan hanya Romain Hugonnet da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Nature a 2021 cewa kogunan ƙanƙarar duniya sun yi ta asarar tan biliyan 267 a kowace shekara daga 2000 zuwa 2019, kuma asarar gaba take yi.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda aka samo awon shekarun da suka gabaci wannan. A zamanin yaƙin cacar baki, taurarin leƙen asirin Amurka masu suna Hexagon kan ɗauki hoto a fim, su sako fim ɗin cikin tukunya da laima, jirgin sama ya cafe ta tun ba ta kai teku ba. Ba ƙanƙara aka je nema ba, amma ta shiga hoton. Da aka fitar da hotunan daga sirri, masu bincike a Jami'ar Columbia suka gina taswirar kogunan ƙanƙara 650 da su. Sakamakon da suka fitar a 2019 ya nuna daga 1975 zuwa 2000 kaurin na raguwa da kimanin rubu'in mita a shekara, daga 2000 zuwa 2016 kuma ya koma kimanin rabin mita. Yanzu akwai ICESat-2, wanda aka harba a 2018, yana harbo koren hasken leza sau 10,000 a daƙiƙa, yana auna lokacin dawowarsa.

Hanyar da ta fi kusa da ɗora abu a kan sikeli ita ce ta GRACE, tagwayen taurari na Amurka da Jamus da aka harba a 2002, suka yi aiki har 2017, ɗaya na bin ɗaya da tazarar kilomita 220. Idan na gaba ya tunkari wuri mai nauyi, ƙarfin jan ƙasa kan fizge shi, tazarar ta ɗan buɗe da abin da bai kai kaurin gashi ba, na'ura ta rubuta. Wata bayan wata, in nauyin yanki ya ragu, akan gani. Sai dai GRACE ba ta rarrabe abin da bai kai faɗin kilomita ɗari uku ba, kuma ba ta san ƙanƙara daga ruwa ba. A gindin Himalaya manoman arewacin Indiya na zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa da rijiyoyin burtsatse, a Tibet kuma tafkuna na cika. Duk a awo ɗaya suke cakuɗewa, sai an tsefe. Ni dai ban cika sakin jiki da adadin da ya fito daga hanya guda ba, sai na ga ta biyu ta gaskata shi.

Awon ya kuma nuna cewa ba jirgi ɗaya ya kwaso tsaunukan ba. A farkon ƙarnin nan ƙanƙarar Karakoram kusan ba ta ragu ba, wata ma ta ɗan ƙaru, domin dusarta da hunturu take zuwa da iskar yamma, alhali gabashin Himalaya da damina ya dogara, lokacin da ɗan ƙarin ɗumi ke mayar da dusa ruwan sama.

A inda ake asarar, ruwan koguna kan ƙaru na wani lokaci, kamar ɗan kasuwar da ke cin uwar kuɗi yana zaton riba ce, daga baya ya ja baya. Kafin nan wani ruwan kan taru a tafkunan da tarin tsakuwa kawai ya tare. Tafkin Lhonak ta Kudu a jihar Sikkim ta Indiya ya daɗe yana faɗaɗa a hotunan taurari. A Oktoban 2023 ya ɓalle cikin dare, ya bi kogin Teesta, ya rusa madatsar wutar lantarki ta Chungthang, mutane da dama suka rasu.