"Da Sauƙi": Maganar Majiyyaci da Hukuncin Mai Jinya a Kaduna

A asibitocin Kaduna da ke arewa da kogi, kamar Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, wanda ke ɗauke da sunan Dokta R. A. B. Dikko (1912–1977), likita na farko daga Arewa, yawancin majiyyata da Hausa suke kai kukansu, ko da ba ita ce harshensu na gado ba. Saboda haka aikin mai jinya na farko shi ne fahimtar magana.

Bahaushe in an ce masa "Yaya jiki?" lalle zai amsa "Da sauƙi", ko da ciwo ya ci ƙarfinsa. Wannan amsa ta ladabi ce da haƙuri, ba bayanin halin jiki ba ce. Har wa yau sunayen cututtuka suna da faɗi. "Zazzaɓi" ya haɗa na cizon sauro da taifot da farkon sanƙarau. "Shawara" kuwa alama ce, watau ido ya yi rawaya, ko daga hanta ko daga lalacewar jini. "Sanyi" yakan nufi ciwon gaɓoɓi, yakan kuma zama lulluɓin ciwon al'aura, wanda kunya ta hana a ambata.

To, gwanar jinya ba ta ƙaryata majiyyaci, ba ta kuma tsaya ga lafazinsa. Sai ta tambayi inda ciwon yake, da ranar da ya fara, da maganin da aka riga aka sha a gida. Sa'an nan ta duba, ta auna. Uwa ta ce tari ne kawai. Amma in yaro ɗan shekara 1 zuwa 5 yana numfashi sau 40 ko fiye a minti ɗaya, ka'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauke shi alamar ciwon huhu. Mai ciki ta ce ciwon kai ne. Amma in fuskarta ta kumbura, awon jininta ya kai 140/90, ana tsoron jijjiga, wadda ke iya halaka uwa da ɗa.

A nan hukunci yake: wa zai jira layi, wa kuma za a kira wa likita nan take. Ma'auni yana ba da lamba, amma sanin harshe shi ke nuna abin da za a auna. Don haka ya kamata makarantun jinya su koyar da waɗannan kalmomi kamar yadda suke koyar da ƙirgar bugun jini.