Kafin Ka Zaɓi Kimiyyar Kwamfuta, Duba Lissafinka

Duk shekara idan an buɗe rajistar JAMB, shagunan kwamfuta na cika da samari da 'yan mata, kuma da yawansu kwas ɗaya suke ambata: kimiyyar kwamfuta. Ka tambayi dalili, sai a ce maka ai yaron ya iya waya, ko yarinyar ta yi wata uku a makarantar koyon kwamfuta har ta fito da satifiket. Iyaye ma da haka suke kafa hujja. To, a nan ne ake fara ɓata lissafi tun ba a shiga aji ba. Iya buga takarda da shirya katin biki sana'a ce mai kyau, ana kuwa ci da ita, amma ba ita ake koyarwa shekara huɗu a Bayero ko ABU ko jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ba. Abin da ake koyarwa shi ne yadda za ka tsara wa na'ura hanyar warware matsala, mataki bayan mataki, sannan ka iya nuna cewa hanyar daidai ce kuma ba za ta ci lokaci fiye da ƙima ba. Wannan aikin lissafi ne daga tushe har reshe.

Shi ya sa JAMB ta sa lissafi da fiziks cikin darussan da mai neman wannan kwas zai rubuta, jami'o'i kuma suke neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi da fiziks. Shekarar farko ma akwai lissafi sosai a cikinta. Kwas ɗin MTH 101 yana ɗaukar ɗalibi daga rukunan abubuwa da jerin lambobi zuwa aljabara da lissafin kusurwoyi, MTH 102 kuma kalkulas ne. Yaron da ya zo da ɗokin a zaunar da shi gaban allon kwamfuta, sai ya tsinci kansa a ɗakin lakca da biro da takarda.

Gargaɗi na farko ga iyaye ne, kuma ba zan saya ba. Kiredit ɗin da aka samo ta hanyar satar amsa, a irin makarantun nan da ake kai yara ƙauye don a rubuta musu a allo, bashi ne aka ci wa yaro, kuma a ajin farko na jami'a ake zuwa karɓa. Takardar za ta buɗe masa ƙofa, amma ba za ta zauna masa jarrabawar zango ba. Daga nan sai kariyoba ta fara taruwa, wani a mayar da shi wani sashe, wani a sallame shi bayan an kashe kuɗin shekara biyu. Gara yaro ya sake zaman jarrabawa da guminsa, ko da shekara za ta wuce shi.

Shi kuma ɗalibi, ga gwaji da zai yi wa kansa ba tare da kowa ya gani ba. Nawa ne 1/2 a tara da 1/3? Idan hannunka ya yi saurin rubuta 2/5, akwai gyara, domin amsar 5/6 ce. Idan kana ganin (a+b)² daidai yake da a²+b², saka 2 da 3 ka gani: ɗaya ya ba ka 25, ɗayan 13. Irin waɗannan ƙananan ramuka ne ke kayar da mutane a kalkulas, ba kalkulas ɗin kansa ba. Abin mamaki, lissafin ɓangarori ba baƙo ba ne a garuruwanmu. Malamin da ke rabon gado, idan mamaci ya bar mata da uwa da 'ya'ya, ya san matar tumuni za ta ɗauka, uwar sudusi, sai ya nemi lambar da 8 da 6 duk za su raba ba saura, wato 24. Matar ta sami 3, uwar 4, ragowar 17 na 'ya'ya, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Dubi tsarin da kyau: idan akwai ɗa, rabon kaza; idan babu, rabon kaza. Haka manhaja take tunani. Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekara ta 820, ya ba da babban kaso na littafin ga matsalolin gado da wasiyya. Mu ma nan muna da namu: Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta ƙa'idojin cike gidajen hatimi da lambobi ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. Duk wanda ya ce lissafi ba na Bahaushe ba ne, bai san tarihin gidansu ba.

Bayan ɓangarori da aljabara, abin da na fi so ɗalibi ya zauna a kansa shi ne ninkin lamba da kanta. Kwamfuta ba ta san komai ba sai 0 da 1. Lamba 13 a wurinta 1101 ce, wato 8 da 4 da 1. Gida takwas na irin wannan lamba suna iya ɗaukar siffa 256, domin 2 ce aka ninka sau takwas. Wanda ya riƙe 2, 4, 8, 16 har zuwa 1024 a ka, ya fahimci dalilin da ya sa ake sayar da waya mai ma'aji 64 ko 128 ko 256, ba 100 ko 200 ba. Logarizim kuma, da ɗalibai ke gudu kamar dodo, juyin wannan tambaya ce kawai: sau nawa zan raba abu biyu kafin ya zama ɗaya? A ce sunaye miliyan ɗaya ne a jere bisa haruffa kana neman guda. Mai bi ɗaya bayan ɗaya yana iya duba miliyan ɗin duka. Mai buɗe tsakiya, ya watsar da rabin da sunan ba ya ciki, ya sake buɗe tsakiyar ragowar, ba zai wuce dubawa 20 ba. Ko sunaye miliyan 200 ne, 28 ta ishe shi. Bambancin manhajar da ke amsawa nan take da wadda ke sa mutane layi har la'asar, sau da yawa a nan yake.

Kada a ɗauka wannan wasan aji ne. Ranar 4 ga Yuni 1996, rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 da tashinta, saboda manhajarta ta yi ƙoƙarin cusa wata babbar lamba a gurbin da iyakarsa 32,767. Ko a wayarka, idan ka buɗe manhajar Python ka rubuta 0.1 + 0.2, abin da zai fito shi ne 0.30000000000000004, domin 0.1 ba ta da ƙarshe idan an rubuta ta da 0 da 1. Mai rubuta manhajar banki ko ta albashi da bai san wannan ba, kuɗin mutane zai taɓa.

Sai manɗiƙi, wato ilimin auna magana. George Boole ne ya mayar da shi lissafi a littafinsa na 1854, sannan Claude Shannon ya nuna a 1937 cewa ana iya gina shi da makunnan lantarki. Kalmomin da ake aiki da su 'yan kaɗan ne: "kuma", "ko", "ba", "idan". Sauƙinsu ne ke yaudara. A ce sharaɗin tallafin karatu shi ne mutum ya zama ɗan jiha kuma yana da kiredit biyar ko difloma. Ɗan wata jiha mai difloma ya cancanta? Ya danganta da inda ka sa baka a jimlar. Ma'aikacin ofis zai gane nufin da hankalinsa, kwamfuta kuwa abin da ka rubuta za ta bi, ko da zai ba wanda bai cancanta ba. Haka nan "idan an yi ruwa ƙasa za ta jiƙe" ba ya nufin duk ƙasar da ka gani a jiƙe ruwan sama ne ya jiƙa ta. Ɗalibai da yawa a wannan juyin suke faɗuwa, manya ma a musun majalisa haka.

Lissafin saura shi ma a kula da shi, wanda tun firamare aka koya mana aka wuce. A ce yau Juma'a, wace rana ce bayan kwana 100? Raba 100 da 7, saura 2, ke nan Lahadi. Lambar asusun banki mai alƙaluma 10 da kake tura wa mutane, alƙalami na ƙarshe daga sauran alƙaluman da lambar bankin ake lissafo shi ta wannan hanya, don a kama kuskuren mai bugawa. Tsarin RSA na ɓoye saƙo, wanda aka fito da shi a 1977, a kan saura da lambobin da ba sa rabuwa aka gina shi. Ƙidayar yiwuwa kuma ita ke gaya maka lambar sirri mai alƙaluma 4 siffa 10,000 kawai take da su, mai 6 kuwa miliyan ɗaya.

Abu mafi wuya ga wanda ya fito daga sakandarenmu shi ne kafa hujja, domin mun saba da haddar dabara da zuba lambobi a ciki. Ɗauki n² + n + 41. Saka 0, ka sami 41. Saka 1, ka sami 43. Saka 2, ka sami 47. Duk lambobi ne da ba abin da ke raba su sai 1 da kansu. Ci gaba har 39, ba za ta ba ka kunya ba. Sai ka rantse haka take har abada. Saka 40, sai ga 1681, wato 41 sau 41. Gwaji arba'in ya yi daidai, na arba'in da ɗaya ya rushe maganar. Manhaja ma haka take yi: ta yi aiki a hannun wanda ya rubuta ta, ta fashe ranar da jama'a suka hau. Darasin da ake kira lissafin abubuwa rarrabe, wanda galibi ake shiga a aji biyu, an sa shi ne don ya koya wa ɗalibi bambancin "na gwada ya yi" da "na tabbatar dole ya yi".

Za ka ga tallace-tallace a Facebook da WhatsApp cewa a wata uku za a mayar da kai mai rubuta manhaja ba tare da lissafi ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don ana iya gina shafin intanet mai kyau da ɗan lissafi kaɗan, kuma wanda wannan ne burinsa ba laifi ya bi ta nan. Amma digiri daban ne, haka ma tsaron intanet da nazarin bayanai da ƙirƙirarriyar basira, inda ake buƙatar kalkulas da lissafin yiwuwa da jadawalin lambobi. Ka san wanne kake nema kafin a biya kuɗi.

Watannin da ke tsakanin gama jarrabawa da fitowar sunaye, waɗanda yawanci a bakin titi da kallon ƙwallo suke ƙarewa, sun isa a yi gyara mai yawa. Ɗauko littafin New General Mathematics, kuma kada girman kai ya hana ka komawa na ƙaramar sakandare idan a can ramin yake. Awa ɗaya kullum da biro ta fi kwana guda ana kallon bidiyon darasi, domin kallon wani yana warware lissafi yana sa mutum ya ji kamar ya iya alhali bai iya ba. Ajiye kalkuleta a gefe wajen ɓangarori. Manhajojin da ke ba da amsa idan ka ɗauki hoton tambaya, kada ka buɗe su sai ka gama naka ƙoƙarin, ka yi amfani da su wajen gano layin da ka kauce. Wanda har yanzu yake aji huɗu ko biyar na sakandare kuma makarantarsu na koyar da ƙarin lissafi, wanda ake kira Further Maths, ya shiga ko da ba zai rubuta shi a WAEC ba, don yawancin abin da ke cikin MTH 101 da 102 a can zai fara cin karo da shi. Ku haɗu ku uku ko huɗu da ke neman kwas ɗaya, kowa ya riƙa fitowa yana yi wa sauran bayanin yadda ya kai ga amsarsa da Hausa, su kuma su tare shi da "me ya sa?" a duk matakin da ya tsallake.